Dangin Violaceae

Violaceae dangi ne na tsirrai masu fure wanda ya ƙunshi nau'o'i kimanin 1,000 a cikin jinsuna fiye da 20. A cikinsa akwai ciyayi, da ƙananan itatuwa, da manyan bishiyoyin kurmi, da 'yan tsirarun tsirrai masu yaɗo. Jinsin da ya fi kowanne girma a dangin shi ne Viola, wanda ya haɗa furannin da ake kira bayolet da fansi. Daga cikin fansi akwai wasu ƙananan nau'o'i na daji da ke tsirowa, su yi fure, su zubar da iri, su mutu a cikin shekara guda. Waɗannan ƙananan nau'o'i suna cikin waɗanda suka fi wahalar da masana wajen rarrabewa.

A ƙasar Hausa, ciki har da kwarin Gulbin Rima inda Birnin Kebbi da Argungu suke, jinsin Viola ba ya fitowa a daji. Wakilin dangin da aka fi sani a filayen ciyawa na Afirka ta Yamma shi ne wani ɗan tsiro mai fure ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi da a yau ake kira Pigea enneasperma. Da farko an sa shi cikin Viola, sannan aka sauya masa jinsi sau huɗu tsakanin 1803 da 2021.

Matsayi a rabe-raben tsirrai

Masana tsirrai suna jera halittu a matakai, daga babban rukuni zuwa ƙarami. Nau'o'in da suka fito daga tushe ɗaya ana tara su a jinsi, jinsuna a dangi, dangogi kuma a oda. Idan jinsi ya yi girma sosai ana raba shi sashe-sashe. Matsayin Violaceae shi ne:

Masarauta: Plantae
Rukuni: tsirrai masu fure
Oda: Malpighiales
Dangi: Violaceae
Jinsin da aka gina sunan dangin a kansa: Viola

Masanin tsirrai ɗan Jamus August Batsch ne ya kafa sunan Violaceae a shekarar 1802. A tsarin Arthur Cronquist na 1981 an sa dangin a wata oda mai suna Violales. Da aka fara kwatanta ƙwayoyin gado na DNA, tsarin APG na 1998 ya mayar da shi cikin Malpighiales, kuma nan ya ci gaba da zama har a tsarin APG IV na 2016.

Odar Malpighiales tana da tsirrai da yawa da Bahaushe ya sani. Rogo, zurma da tinya na dangin Euphorbiaceae suna cikinta. Haka nan gawasa, ta dangin Chrysobalanaceae, wadda ake cin 'ya'yanta a yankunan Sakkwato, Kebbi da kudancin Nijar. Ke nan ɗan furen fansi da ke gonar alkama a Turai ya fi kusa da rogo da gawasa a zuriya fiye da yadda yake kusa da yawancin furannin ado da ake shukawa tare da shi.

Asalin sunaye

Viola kalmar Latin ce da Rumawa suke kiran furen bayolet da ita. Girkawa kuwa suna ce masa ion, daga nan aka samo sunan jinsin Ionidium, wato mai kama da bayolet. Kalmar fansi ta shigo ta Turanci, Turanci kuma ya aro ta daga kalmar Faransanci pensée, ma'ana tunani.

Kashi na biyu na sunan kimiyya yakan bayyana siffa, ko wuri, ko mutum. Tricolor na nufin mai launi uku. Arvensis na nufin na gona. Parvula na nufin 'yar ƙarama, odorata kuma mai ƙamshi. Hymettia ya fito daga Dutsen Hymettus da ke kusa da birnin Athens a Girka. Kitaibeliana an raɗa shi ne don girmama Pál Kitaibel, masanin tsirrai ɗan Hungary. Enneasperma daga Girkanci yake, ennea tara, sperma iri, wato mai iri tara. Hybanthus kuma na nufin fure mai ƙusumbi, saboda kumburin da ke gindin babban ganyen furen.

Sunan yau da kullum yakan ruɗi mutum game da zumunci. Furen ado da ake kira bayolet na Afirka, wanda Walter von Saint Paul ya samo a duwatsun Usambara na Tanzaniya a 1892, ba ɗan Violaceae ba ne. Yana cikin dangin Gesneriaceae, kamannin launi ne kawai ya jawo masa sunan. Hausa ma tana da irin wannan. Bishiyar da ake kira namijin kaɗanya, Lophira lanceolata, ta samu sunanta ne saboda ganyenta ya yi kama da na kaɗanya. Amma kaɗanya tana cikin odar Ericales, namijin kaɗanya kuwa yana cikin Malpighiales, oda ɗaya da Viola.

Siffofin dangin

Ganyen tsirran Violaceae yawanci guda-guda ne, ba a rarrabe ba, kuma suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin kara. A gindin kowane ganye akwai wasu 'yan kunnuwa biyu. Girman waɗannan kunnuwa da yadda suka tsattsage suna cikin manyan alamomin da ake bambance nau'o'i da su.

Furen yana da sassa biyar-biyar: korayen marufai biyar da ke lulluɓe tohon kafin ya buɗe, ganyen fure biyar masu launi, da sassan namiji biyar masu ɗauke da ƙurar fure, irin ƙurar da manomi ke gani idan gero ya yi bununi. Sashen mace guda ne, an gina shi daga ɓangarori uku. A wasu jinsuna, kamar Rinorea, ganyen furen duk kusan girmansu ɗaya ne. A Viola da Pigea kuwa na ƙasa ya bambanta da sauran: ya fi faɗi, kuma gindinsa ya zama 'yar jaka ko ɗan ƙaho inda zumar fure ke taruwa.

A yawancin jinsunan, ɗan itacen kwanso ne da ke tsagewa gida uku idan ya bushe. A nau'o'in Viola da dama ɓangarorin kwanson suna matsewa har su harba irin zuwa nesa. Irin kuma yana da wani ɗan tsoka mai maiƙo da tururuwa ke so, sai su ja shi zuwa raminsu, su cinye tsokar, su bar irin a ƙasa mai taki.

Manyan jinsuna

Viola shi ne mafi girma. Bitar da Thomas Marcussen da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 ta amince da nau'o'i 664, ta raba su gida biyu manya, Neoandinium da Viola, sannan ta kasa su sashe 31. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa jinsin ya faro ne daga Kudancin Amurka, daga baya ya bazu zuwa arewacin duniya.

Rinorea ne na biyu. Itatuwa ne na ƙarƙashin kurmi a ƙasashe masu zafi, kuma akwai su da yawa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru. A waɗannan dazuzzuka ne kuma ake samun ƙaramin jinsin Allexis, wanda nau'insa guda, Allexis obanensis, ya samu sunansa daga yankin Oban na Jihar Kuros Riba.

Hybanthus, wanda Nikolaus Jacquin ya kafa a 1760, ya daɗe a matsayin na uku, da nau'o'i sama da 100. Wani bincike da Gregory Wahlert da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna cewa tsirran da aka tara ƙarƙashin wannan suna ba daga tushe ɗaya suke ba. Sun warwatsu a rassa tara daban-daban na bishiyar zuriyar dangin. Tun daga lokacin ake ta raba shi zuwa ƙananan jinsuna, kuma wannan rabo ne ya shafi tsiron da ke yankinmu na savana.

Pigea enneasperma a Afirka ta Yamma

Siffa da mazauni

Pigea enneasperma ɗan tsiro ne da tsayinsa bai cika wuce santimita 60 ba, galibi ma bai kai haka ba. Wani lokaci yana rayuwa damina ɗaya, wani lokaci gindinsa yakan yi tauri kamar itace ya sake tohowa a shekara mai zuwa. Ganyensa siriri ne mai tsini. Furen yana fitowa guda-guda a hammatar ganye. Ganyen fure huɗu ƙanana ne ƙwarai, na biyar ɗin, na ƙasa, shi ne babba, mai faɗi kamar bakin shebur, ruwan hoda ko shuɗi mai garwaye da ja, da jijiyoyi masu duhu. Wanda ya hango shi daga nesa sai ya zaci furen ganye ɗaya ne kawai. Irinsa fari ne mai ratsin rawaya, da zane-zane a tsaye a jikinsa.

Yana fitowa a filayen ciyawa, sauruka, gefen hanya da ƙasa mai yashi ko tsakuwa. Ana samunsa a faɗin Afirka mai zafi, ciki har da Najeriya da maƙwabtanta, da Madagaska, da yankin Larabawa, Indiya, Sri Lanka, kudu maso gabashin Asiya har zuwa arewacin Ostareliya. Birnin Kebbi da Argungu suna cikin shiyyar savanar Sudan, inda damina ke kamawa daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko Oktoba. A irin wannan yanayi ƙananan ciyayi irinsa a damina suke bayyana, a kan tudu, ba a cikin fadamar da ruwa ke kwanciya ana noman shinkafa ba.

Tarihin sunansa

Carl Linnaeus ne ya fara ba shi sunan kimiyya a littafinsa Species Plantarum na 1753, inda ya kira shi Viola enneasperma, bisa samfurin da ya fito daga kudancin Asiya. A 1803 Étienne Pierre Ventenat na Faransa ya ware irin waɗannan tsirrai daga Viola ya kafa musu jinsin Ionidium, sai tsiron ya koma Ionidium enneaspermum. A 1876 Ferdinand von Mueller, wanda ya yi aiki a Melbourne ta Ostareliya, ya mayar da shi Hybanthus enneaspermus. Wannan suna ne ya zauna kusan shekara 140, kuma shi ne yake cikin mafi yawan littattafai da rahotannin bincike na Najeriya.

Bayan da aka gano cewa Hybanthus tarin zuriyoyi ne mabambanta, Benjamin Flicker da Harvey Ballard suka kafa sabon jinsi, Afrohybanthus, a 2015, domin wannan tsiro da 'yan uwansa na Afirka, Asiya da Ostareliya. Amma dokar raɗa wa tsirrai suna ta duniya ta ce sunan da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ke da fifiko. Akwai tsohon suna, Pigea, da aka wallafa tun 1824 a littafin Prodromus na de Candolle, wanda ya shafi wannan rukuni. Saboda haka a 2021 Paul Forster na Ostareliya ya mayar da tsiron Pigea enneasperma.

Kalmar enneasperma ta bi tsiron a duk waɗannan sauye-sauye, ƙarshenta kawai ke canzawa domin ya dace da jinsin nahawu na kalmar da ke gabanta: enneasperma tare da Viola da Pigea, enneaspermum tare da Ionidium, enneaspermus tare da Hybanthus da Afrohybanthus. Latin tana da jinsin nahawu uku, kuma sifa tana bin sunan da take siffantawa, kamar yadda Hausa ke cewa farin doki amma farar goɗiya.

Tsiron yana sauya kama sosai daga wuri zuwa wuri, musamman faɗin ganye da yawan gashin jikinsa, shi ya sa ya tara sunaye da dama da daga baya aka gane na abu ɗaya ne. Daga cikinsu akwai Viola suffruticosa na Linnaeus kansa, da Viola guineensis da Schumacher da Thonning suka wallafa a 1827 daga samfurin gaɓar tekun ƙasar da yanzu ake kira Gana, da Hybanthus thesiifolius na Hutchinson da Dalziel.

Irin wannan sauyin suna ya faru da tsirran da aka fi sani a ƙasar Hausa. Gawo, da a da ake kira Acacia albida, yanzu Faidherbia albida ne. Bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica zuwa Vachellia nilotica. Tafasa da rai ɗore sun bar jinsin Cassia sun koma Senna.

Rubuce-rubucen da suka shafi yankin

Babban tushen sanin tsirran Arewacin Najeriya a rubuce shi ne aikin John McEwen Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aikin lafiya a Afirka ta Yamma daga 1905 zuwa 1922, ya kuma tattara samfurin tsirrai a lardunan Arewa, ciki har da lardin Sakkwato wanda a lokacin ya haɗa da Gwandu da Argungu. Ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary a 1916. Tare da John Hutchinson na Lambun Kew da ke Ingila ya rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sannan The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937. R. W. J. Keay da F. N. Hepper sun sabunta Flora ɗin tsakanin 1954 da 1972. Duk waɗannan littattafai sun riga binciken DNA, don haka sunan Pigea enneasperma ba ya cikinsu.

Bayolet da fansi

A cikin jinsin Viola, mutanen Turai sun daɗe suna bambance bayolet da fansi, kuma kimiyya ta tabbatar da cewa fansi rukuni ne guda mai tushe ɗaya. Shi ne sashen Melanium, wanda Frédéric Gingins de la Sarraz na Suwizalan ya kafa a 1823 lokacin da ya raba jinsin gida biyar bisa siffar bakin sashen mace. Wilhelm Becker na Jamus ya faɗaɗa wannan tsari a 1925 zuwa sashe 14, kuma tsarinsa ne aka yi ta aiki da shi har zuwan binciken ƙwayoyin gado.

Bambancin da ido ke fara gani yana ga ganyen fure biyu na gefe. A bayolet suna kallon ƙasa ko gefe, sai furen ya zama biyu a sama, uku a ƙasa. A fansi suna ɗagawa sama su hau kan na saman, sai ya zama huɗu a sama, ɗaya a ƙasa, fuskar furen ta yi faɗi. Kunnuwan ganyen fansi manya ne, korra, a tsattsage kamar yatsu, wani lokaci har su kai girman ganyen. Na bayolet ƙanana ne. Bakin sashen mace na fansi dunƙulalle ne mai rami da ɗan leɓe a ƙasa. Bayolet da yawa suna yin wasu furanni da ba sa buɗewa, suna haifar da iri a rufe. Fansi kusan duka ba sa yin haka.

Sashen Melanium yana da nau'o'i sama da 100. Cibiyarsa ita ce duwatsun kudancin Turai, musamman yankin Balkan da Italiya, ya kuma kai yammacin Asiya da arewacin Afirka. Yawancin nau'o'insa masu daɗewa ne, suna shekaru da dama a kan duwatsu. Kaɗan ne masu rayuwar shekara guda.

Ƙananan fansi masu rayuwar shekara guda

Viola tricolor, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753, yana da fure mai haɗa shuɗi mai duhu, rawaya da fari. Ganyen furensa sun fi marufai tsawo. Yana da kuromosom 26 a kowace ƙwayar jiki. Wasu rassansa, kamar curtisii na tuddan yashin gaɓar teku, suna wuce shekara guda.

Viola arvensis, wanda Johan Andreas Murray, ɗalibin Linnaeus kuma malami a Göttingen, ya ware a matsayin nau'i mai zaman kansa a 1770, yana da ƙaramin fure fari mai ratsin rawaya. Ganyen furensa ba sa wuce marufai a tsawo, ko su yi daidai da su. Kuromosom ɗinsa 34 ne. Ciyawar gona ce a Turai, kuma ta bi irin shuka zuwa Arewacin Amurka da wasu nahiyoyi.

Viola kitaibeliana, da Josef August Schultes ya wallafa a 1819, ya fi su ƙanƙanta, furensa bai kai santimita ɗaya ba. Yana fitowa a busasshiyar ƙasa a kudanci da tsakiyar Turai zuwa yammacin Asiya. A Biritaniya ba a samunsa sai a tsibiran Scilly, sai kuma tsibiran mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa. An ƙirga masa adadin kuromosom daban-daban a wurare daban-daban, ciki har da 16 da 48.

Viola hymettia yana kama da kitaibeliana, sai dai ganyen furensa sun ɗara marufai tsawo. Viola parvula ɗan tsiro ne mai gashi na duwatsun kewayen Bahar Rum, mai kuromosom 10. Viola modesta na yammacin Asiya an ƙirga masa kuromosom 4 kacal, adadin da ke cikin mafi ƙaranci da aka sani a tsirrai masu fure.

Viola rafinesquei, wanda wasu littattafai ke kira Viola bicolor, shi ne kaɗai ɗan sashen Melanium da ke ɗan asalin Arewacin Amurka. Masanin Amurka Merritt Fernald ya ɗauke shi a matsayin reshen kitaibeliana da ya shigo daga Turai. Jens Clausen da abokan aikinsa sun nuna a 1964 cewa nau'i ne dabam kuma ɗan ƙasa. Yana yin furanni rufaffu, abin da danginsa na Turai ba sa yi, don haka bitar 2022 ta ware masa ƙaramin sashe nasa shi kaɗai, mai suna Cleistogamae.

Dalilan da suka sa rarrabewa ke da wuya

Dalili na farko shi ne sauyin kama. Tsiron arvensis da ya fito a ƙasa mai taki yakan yi tsawo da rassa, ɗan uwansa da ya fito a busasshen yashi ya tsaya ɗan mitsitsi har a zaci kitaibeliana ne. Girman fure ma yana sauyawa a jikin tsiro guda tsakanin farkon kakar fure da ƙarshenta.

Na biyu shi ne barbarar juna. Inda tricolor da arvensis suka haɗu sukan haifi ruwa-biyu, wanda ake kira Viola × contempta, kuma ruwa-biyun yakan sake haɗuwa da iyayen, sai a samu tsirrai masu siffa a tsaka-tsaki. Alamar × a cikin suna tana nuna ruwa-biyu.

Na uku shi ne barbarar kai. Ƙananan furanni irin na arvensis suna yawan haifar da iri da ƙurarsu ta kansu, sai zuriyar kowane tsiro ta riƙe 'yan siffofinta tsara bayan tsara. Wannan ne ya sa Alexis Jordan, masanin tsirrai na birnin Lyon a ƙarni na 19, wanda ya riƙa shuka irin tsirran daji a lambunsa yana lura da su, ya raɗa wa irin waɗannan zuriyoyi sunaye a matsayin nau'o'i masu zaman kansu. Wasu masanan kuma suka bi ta ɗaya ɓangaren, suka mayar da arvensis da kitaibeliana rassan tricolor kawai. Yawan sunayen da ke tsofaffin littattafai ya samo asali ne daga wannan saɓani tsakanin masu rarrabawa da masu haɗawa.

Mafita ta fara samuwa da aikin Jens Clausen a Denmark a shekarun 1920. Ya haɗa tricolor da arvensis da hannu, ya ƙirga kuromosom ɗinsu, ya bi yadda siffofi ke gadowa, ya nuna cewa nau'o'i biyu ne masu adadin kuromosom daban duk da cewa suna iya haihuwa tare. Ƙurar fure ma tana taimakawa idan an duba ta da madubin ƙara girma: yawancin ƙwayoyin ƙurar tricolor suna da tsaga huɗu, na arvensis kuma biyar. Binciken DNA ya ƙara nuna cewa sashen Melanium gaba ɗaya ya samo asali ne daga haɗuwar tsofaffin zuriyoyi biyu, kuma nau'o'insa da yawa sun rabu ne ba da daɗewa ba a ma'aunin tarihin halittu, shi ya sa bambancin ƙwayoyin gadonsu yake kaɗan.

Fansin lambu, mai manyan furanni, shi ma ruwa-biyu ne. Masu lambu a Ingila sun fara samar da shi a farkon ƙarni na 19 daga tricolor, lutea da altaica. An raɗa masa suna Viola × wittrockiana don tunawa da Veit Wittrock na Suwidin, wanda ya binciki tarihinsa a shekarun 1890.

Jinsin Viola a Afirka

A arewacin Afirka, a duwatsun Maroko da Aljeriya, akwai fansi na daji kamar na kudancin Turai. A yankin mai zafi na nahiyar kuwa, Viola yana fitowa ne musamman a kan manyan duwatsu masu sanyi. Viola abyssinica yana tsaunukan Habasha da gabashin Afirka, da Dutsen Kamaru da tsibirin Bioko. A busassun wurare na arewa maso gabashin Afirka da yankin Larabawa akwai wani sashe dabam mai suna Sclerosium. A yankin Cape na Afirka ta Kudu kuma akwai Viola decumbens.

Rashin fansin daji a kwarin Rima yana da nasaba da yanayi. Ƙananan fansi na Turai da Bahar Rum suna buƙatar sanyi da danshi a lokaci guda: da yawansu suna tsirowa a ƙarshen shekara, su wuce hunturu suna ƙanana, su yi fure kafin zafi ya shigo. A Birnin Kebbi lokacin sanyi shi ne lokacin hunturu mai ƙura da bushewa, ruwa kuma yana zuwa ne bayan bazara, wadda zafinta kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Muhimmancin tantance suna

A gonakin alkama da sauran hatsi na Turai, arvensis na cikin ciyayin da manoma ke yaƙi da su, alhali kitaibeliana a tsibiran Scilly tsiro ne da ake ƙoƙarin karewa saboda ƙarancinsa. Tun da suna kama da juna, kuskuren tantancewa yana iya ɓata ƙididdigar wanda ake son karewa.

A Najeriya abin ya fi shafar magungunan gargajiya. Yarabawa suna kiran Pigea enneasperma abiwere, kuma suna amfani da shi ga mata masu ciki da nufin sauƙaƙa haihuwa. A Indiya ma yana cikin tsirran maganin gargajiya. Tsirran Violaceae suna ɗauke da wasu ƙananan sunadarai masu siffar zobe da ake kira saikulotayid, waɗanda Lorents Gran na Norway ya fara ganowa a wani tsiro na wani dangi dabam, Oldenlandia affinis, da mata ke sha lokacin naƙuda a Kongo. Amfanin gargajiya da gwajin ɗakin bincike ba su kai matsayin gwajin asibiti a kan mutane ba, kuma sunadaran da ke da ƙarfi a jiki suna iya cutarwa, musamman ga mai juna biyu.

Ga ɗalibin da ke bincike a kan wannan tsiro, a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko wata makaranta, neman bayani da suna ɗaya kawai yana ɓoye yawancin abin da aka rubuta. Tsofaffin littattafai suna ƙarƙashin Ionidium, yawancin rahotannin ƙarni na 20 da farkon na 21 suna ƙarƙashin Hybanthus, na baya-bayan nan kuma Afrohybanthus ko Pigea. Ƙa'idar aikin ita ce a tsinko tsiron da saiwarsa, furensa da kwansonsa, a matse shi a busar tsakanin takardu, a rubuta wuri da kwanan wata da sunan da mutanen wurin ke kiransa, sannan a ajiye shi a ma'adanar busassun tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan. Idan sunan ya sake sauyawa, samfurin da aka ajiye shi ne zai nuna ainihin tsiron da aka yi aiki da shi.